Ayarin Babura a Garin Mutane

Babura ashirin idan suka tashi tare, kunne na riga ido sanin zuwansu. A kan titin Zariya cikin birnin Kano, wannan rugugi ba ya sa mai shan shayi ya ɗago kansa daga kofi. Amma a wani ƙauye da ke yamma, wajen iyakar Katsina, rugugin nan ne ke sa uwa ta suri ɗanta ta faɗa cikin dawa ko takalmi babu. Duk mai sha'awar hawan babur a cikin ayari, ya fita gari da safe ya zaga ƙauyuka ya dawo da yamma, dole ya fara lissafinsa daga wannan bambanci, tun kafin ya duba iskar taya.

Wannan yawo na wuni ɗaya tsohon abu ne a Turai da Amurka, inda abokai kan haɗu ranar hutu a wani gidan mai, su jera babura, su bi ƙananan hanyoyi daga gari zuwa gari. Wasu ma sun mai da shi hanyar tara kuɗin taimako, kamar hawan da aka fara a birnin Sydney na Ostireliya a 2012, wanda yanzu ake yi a ƙasashe da dama don tallafa wa binciken ciwon dajin mafitsara na maza. A Najeriya akwai ƙungiyoyin masu manyan babura a Legas da Abuja, kuma sha'awar ta haura Arewa. A 2022 Kunle Adeyanju ya hau babur daga Landan zuwa Legas cikin kimanin kwana 40 don yaƙi da shan inna, mutane suka yi ta fitowa tarbarsa. Sai dai Bahaushe bai jira kowa ya koya masa tafiyar ayari a kan babur ba. Ɗaurin auren aboki a ƙauye, gaisuwar mutuwa, Maulidi, yawon Sallah, taron siyasa: duk da babura ake zuwa, goyo biyu, goyo uku, malum-malum na kaɗawa a iska. Abin da yake sabo shi ne a fita ba don biki ba, ba don mutuwa ba, sai don kawai a ga ƙasa.

Kuma ƙasar ta isa a gani. A ɗauki zagaye ɗaya da bai kai kilomita 200 ba, wanda ko Boxer ta 'yan acaɓa za ta yi shi ba tare da ta yi tari ba. A tashi daga Na'ibawa bayan sallar Asuba, a wuce Kwanar Dawaki, a haye gadar Tamburawa lokacin da hazo bai gama tashi daga kogi ba. Kafin jiki ya gama ɗumi an shiga Kura.

Mai wucewa a mota ba ya ganin komai a Kura sai buhunan shinkafa da tireloli. Mai babur kuwa hanci ne ke fara ba shi labari: tururin shinkafar da ake turarawa a manyan tukwane, hayaƙin ɓuntu, ga shanya an baza a kan tamfol har bakin kwalta. Idan ya karya kan babur ya shiga cikin gari zai tarar da abin da ya fi shinkafar daɗewa, wato rini da bugu. Daga nan ne turkuɗi da rawani ɗan Kura ke fita, baƙi mai ƙyalli da ke barin shuni a fata, wanda Buzaye ke saye har can cikin Sahara. Mabuga na zaune a jere, kowa da guduma ta itace, suna sauke ta a kan yadin bi da bi, sautin na fita kamar da awo. Akwai samari a Kano da suka je Dubai sau biyu amma ba su taɓa ganin wannan ba, alhali tsakaninsu da shi tafiyar rabin awa ce.

Daga Kura hanya na ratsa Kadawa da Kwanar Gafan, inda a lokacin kaka ta tumatir kwanduna ke cika fili, dillalai na ihu, manyan motoci na jiran lodin Legas. Koren da ake gani hagu da dama a tsakiyar rani ba ruwan sama ya kawo shi ba. Ruwan Tiga ne, wanda ke bin magudanai zuwa gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam, a wani shiri da aka tsara wa kimanin hekta 22,000. Saboda haka ayarin da ya karya a Kwanar Ɗangora ya nufi Tiga, asalin wannan koren yake bi. An kammala madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, kuma an gina ta ne don ta riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan biyu. Mutanen fadamun Haɗeja da Nguru suna da nasu labarin game da wannan ruwa da aka tare, kuma ba duka ne mai daɗi ba, amma wannan zance ne na wata rana. A bakin ruwan akwai masunta da kwale-kwalensu, da mata masu suyar kifi, da duwatsun da aka gina otal ɗin Rock Castle a kai tun wancan zamani. Daga nan sai a bi ta Rurum a faɗa Rano, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, wadda labarin gargajiya ya haɗa ta da Kano a matsayin sarakunan baba. A yi Azahar a can, a ci abinci, a biyo ta Bunkure a fito Karfi, a sayi gasasshiyar masara, a shigo gida da sauran rana.

Me garuruwan nan ke samu? Ba abin da zai canja kasafin kuɗin ƙaramar hukuma, gaskiya ne. Amma a duba yadda kuɗin mai babur ke fita. Mai mota ya cika tanki a birni, ya rufe gilashi, ya kunna sanyi, ruwan shansa ma daga gida ya ɗauko. Mai babur tankinsa ƙarami ne, bayansa na gajiya, ƙishirwa na kama shi, dole ya tsaya duk bayan awa ɗaya ko ƙasa da haka. Mutum goma sha biyar idan suka sauka a teburin mai shayi, an gama da biredinsa da ƙwansa na ranar. Mai fura ta sayar, mai tsire ya sayar, mai faci ya samu taya ɗaya ko biyu, yaro mai rake ya koma gida da tire wayam. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, fita yawo da mota ya zama sai wane da wane. Babur ne kaɗai abin hawan da malamin makaranta ko tela zai iya zagaya wannan hanya da shi bai taɓa kuɗin cefane sosai ba. Gwamnatocin da ke ta kiran taro kan bunƙasa yawon buɗe ido suna hangen Turawa masu kyamara, alhali masu buɗe idon da za su iya samu gobe suna nan a Kurna da Ɗorayi da Hotoro, baburansu na jingine a zaure.

To, amma akwai tarihi, kuma ba a share shi da fatar baki.

Ranar 19 ga Janairu 2013 'yan bindiga suka buɗe wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero wuta, aka kashe direbansa da wasu dogarawansa. Cikin 'yan kwanaki gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana goyo a babur a cikin birni, acaɓa ta mutu, Adaidaita Sahu ta gaje ta. Abuja ta riga ta kori 'yan acaɓa daga tsakiyar gari tun 2006. A Jamhuriyar Nijar an hana hawan babur a jihar Diffa a 2015 saboda Boko Haram, aka sake yin haka a wasu sassan Tillaberi daga farkon 2020. A daren 11 ga Disamba 2020, a kan babura aka zo aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kwana ta Ƙanƙara. A 2021 Zamfara da Katsina da Kaduna suka ɗauki matakai iri-iri: hana sayar da fetur a jarka, taƙaita goyo, rufe wasu kasuwanni, Kaduna ma ta hana hawan babur ɗungurungum na wata uku. A Yulin 2022 har gwamnatin tarayya ta ce tana duba yiwuwar hana babur a ƙasar baki ɗaya. Ba a yi ba, amma furta shi kaɗai ya nuna inda aka kai.

Mutumin ƙauye bai karanta wannan jeri a jarida ba, a jikinsa ya ji shi. Ya san cewa ɓarayin daji ba a mota suke zuwa ba, a babura suke zuwa, da yawa, a jere, fuska a rufe. Yanzu a kwatanta da ayarin 'yan birni masu shan iska: babura da yawa, a jere, kowa da hular kwano mai baƙin gilashi, wasu da ƙyalle a hanci saboda ƙura. Daga nesa, ina bambancin? Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Kuma gudu shi ne mafi sauƙin abin da zai iya faruwa. A garuruwa da yawa akwai 'yan sintiri da bindigogin toka, akwai samarin da ba su yi barci ba jiya, akwai waya a hannun kowa. Kira ɗaya na "ga su nan" ya isa ya tayar da gari uku kafin jagoran ayari ya samu damar cire hularsa ya yi bayani.

Saboda haka nauyin yana kan mahaya, ba a kan ƙauye ba. Wasu za su ce ai hanya ta gwamnati ce, kowa na da 'yancin binta, kuma ba laifinsu ba ne wasu sun ɓata sunan babur. Ta fuskar doka suna da gaskiya. Amma wannan gaskiyar ba za ta mai da cikin matar da ta yi ɓari saboda firgita ba, ba kuma za ta tare harsashin ɗan sintiri ba. Wanda ya fito don nishaɗi shi ne ya fi sauƙin ɗaukar ɗawainiya, domin shi ya zaɓi ya zo.

Ɗawainiyar kuwa ba ta da tsada. Kwana biyu ko uku kafin tafiya, mutum ɗaya ko biyu daga cikin ƙungiya su bi hanyar, ba da babban babur ba. Su shiga ofishin 'yan sanda na kowace ƙaramar hukuma su faɗi rana, da lokaci, da yawan babura, su bar lambar jagora. Su je ƙofar hakimi ko dagaci su faɗi su yi gaisuwa: "Ranka ya daɗe, mu baƙinka ne ranar Asabar, muna so mu ga gari, mu yi salla, mu wuce." Wanda ya san ƙasar Hausa ya san abin da ke biyo bayan wannan. Dagaci zai aika wa masu unguwanni, liman zai faɗa bayan Magariba, shugaban 'yan sintiri zai ji. Ranar Asabar ayarin da zai iya tayar da hankali sai ya tarar da yara a bakin hanya suna ɗaga hannu, wataƙila ma da ƙwaryar fura tana jira a inuwar ƙofar fada. Fatake sun yi haka, mahajjatan ƙasa sun yi haka, 'yan kamfen ma da ba su cika kunya ba suna aika ɗan saƙo kafin su iso. Babu dalilin da zai sa mai babur na miliyoyin naira ya fi ƙarfin wannan.

Sai kuma shiga garin kanta. Kafin gidan farko a sassauta, a ɗaga gilashin hula a ga fuska. Dokar hanya ta ce kilomita 50 a awa a cikin gari, amma garin da akuya ke kwance a tsakiyar kwalta, almajirai na tsallakawa da robobi, amalanken shanu na fitowa daga lungu, ko 30 ta yi yawa. Masu cire salansa don babur ya yi ƙara su bar wannan a birni. Haka masu ɗaga kan babur su yi tafiya a taya ɗaya don 'yan mata su gani: a ƙauye wanda zai kwaikwaye su gobe yaro ne ɗan shekara sha huɗu, a kan babur ɗin babansa, ba hula, kuma asibitin da ke da likitan ƙashi yana Dala. Hoto ma sai da izini. Matar da ke sussuka a bakin hanya ba ta fito don ta shiga TikTok ɗin kowa ba.

Akwai kuma wuraren da ba a zuwa sam, ko da an aika da goron gaisuwa. Jagoran da ya san aikinsa yana tambayar direbobin tasha halin da hanya ke ciki a makon, domin su ke da labari na gaskiya, kuma idan suka ce a bari, an bari. Zagayen Tiga da Rano daban, kutsawa dajin Falgore da yamma daban.

Tsarin tafiyar a kan kwalta abu ne da masu wannan harka a duniya suka daɗe da daidaitawa, kuma babu abin da ya hana a ɗauka. Ba a jerawa kafaɗa da kafaɗa, ba a kuma bin juna taya da taya. Jagora na gaba ta ɓangaren hagu na hannunsa, na biyu ta dama a ɗan baya, na uku ta hagu, haka har ƙarshe, yadda kowa zai sami tazarar daƙiƙa biyu tsakaninsa da wanda ke gabansa kai tsaye. Idan aka zo kwana ko hanya ta lalace, sai a koma layi ɗaya. Sabon hannu a sa shi kusa da jagora, ba a baya ba, don kada ya yi ta gudun da ya fi ƙarfinsa yana neman cim ma mutane. A ƙarshe kuma a sa gogagge, wanda ba ya wuce kowa, yana ɗauke da kayan faci da famfo da akwatin taimakon gaggawa. Ayarin da ya haura bakwai ko takwas gara a raba shi gida biyu da tazara a tsakani, domin direban tirela da ya gaji da bin dogon layin babura zai yanke shawarar wucewa a inda bai kamata ba. Idan ƙungiya za ta iya ɗaukar nauyin bakanike ɗaya ya biyo ta, kuɗinsa bai kai na jan babur daga Rurum zuwa Kano ba.

Hular kwano kuwa, abin kunya ne a ce har yau ana gardama a kanta. A Janairun 2009, da hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta sanya ta, an ga 'yan acaɓa sun kifa ƙwarya da robar fenti a ka, har labarin ya zaga duniya ana dariya. An ce tana ɗaukar ƙwarƙwata, an ce ana asiri da ita, an ce ba ta zama a kan rawani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hula mai inganci, idan an ɗaure ta daidai, tana iya rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa har da kashi 74 cikin ɗari. A nan ne ayarin masu shan iska zai iya yin wani amfani da jami'an hukuma suka kasa: saurayin ƙauye da ya ga mutum goma sha biyar da yake sha'awa, kowa da hula a ɗaure har haɓa, ya fi saurin sayen tasa fiye da wanda aka ƙwace wa makulli a shinge.

Gwamnati ma tana da nata kason, kuma ta fi kowa lalaci a ciki. Hana babur gaba ɗaya shi ne mataki mafi sauƙin sanarwa, shi ya sa ake yawan kai hannu gare shi. Amma ɓarawon daji ba ya bin kwalta balle ya tsaya a shinge. Wanda dokar ke kamawa shi ne manomi mai kai taki gona, da ma'aikaciyar rigakafi mai akwatin sanyi a baya, da mijin da matarsa ke naƙuda cikin dare. Abin da ya fi wuya, kuma ya fi amfani, shi ne a iya rarrabewa: lamba a kowane babur, rajistar ƙungiyoyin mahaya a jiha, da hanya guda sananniya ta sanar da tafiya. A yanzu ƙungiyar da ke son yin abin kirki ba ta ma san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa ba, ko 'yan sanda, ko KAROTA mai kula da zirga-zirgar ababen hawa a Kano, ko hukumar kiyaye haɗurra, ko ma'aikatar yawon buɗe ido, kuma kowane shinge na da nasa hukuncin. Takarda ɗaya mai shafi guda ta wadatar: sunan ƙungiya, lambobin babura, garuruwan da za a bi, lokacin fita da na dawowa, lambar jagora. A miƙa ta a hedikwatar 'yan sanda ta Bompai, a buga hatimi, a tura hotonta ta WhatsApp ga kowane ofishi da ke kan hanyar da kuma fadar kowane hakimi. Ba ta buƙatar kwamiti, ba ta buƙatar kasafi, kuma idan jihar Kano ta gwada ta a kan zagayen Tiga da Rano a rani ɗaya, Jigawa na iya ɗauka don hanyar Kazaure, Katsina don hanyar Daura.

A cikin takardar, layin da ya kamata jami'i ya fi zuba wa ido shi ne na lokacin dawowa. Ayarin da ya rubuta cewa zai bar Rano bayan La'asar sakaliya a mayar masa da takardarsa ya gyara, domin tsakanin Bunkure da Karfi bayan faɗuwar rana akwai tifofin yashi marasa fitilar baya, da shanu masu komawa gida, da tirelolin da suka lalace aka bar su a kan kwalta da ganye kawai a matsayin alama.